Gilashin Da Ke Sa Anini Ya Cika Hoto

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta kasuwar kayan ado ta Jakande a Lekki, ko ta ƙofar manyan otal-otal na Ikko da Badun da Fatakwal, ya ga 'yan Arewa zaune gaban tebur ko shimfiɗa, sun baje tsofaffin kuɗi da duwatsun wuya da zobba da munduwa da sauran abubuwan da mutanen da suka bari. A da, mai saye yakan zo da ƙafarsa, ya ɗauki abu ya jujjuya a tafin hannunsa, ya taya, a yi masa albarka, har a daidaita. Yanzu kuwa da yawa daga cikin masu sayen suna nesa, wani a Abuja, wani a London, wani a Amurka, kuma abin da suke faɗi kawai shi ne a turo hoto. To, a nan fa gizo ke saƙa.

Mutum ya ɗauko wayarsa ko kyamararsa, ya matsa kusa da anini, ya danna, sai hoto ya fito dishi-dishi, ko kuma walƙiyar ƙarfe ta kashe rubutun gaba ɗaya. Mai saye da bai ga abin da yake nema ba, ɗayan biyu zai yi, ko ya yi shiru, ko ya taya da araha don gudun hasara. In kuwa aka yi rashin sa'a hoton ya ɓoye wani tabo, kaya suka isa aka gani, sai rigima ta tashi, a ce an yi ha'inci, alhali kuwa laifin gilashi ne. Baƙon da ke neman abinci a garin wasu ba shi da jarin da ya wuce mutuncinsa, saboda haka wannan magana ta gilashin ɗaukar hoton kusa, wanda masu sana'ar ke kira makro, ta shafi aljihu ta kuma shafi suna.

ABIN DA MAI SAYE KE NEMA

Kafin a shiga maganar gilashi, ya kamata a san irin ƙananan abubuwan da ake son hoto ya nuna. A ɗauki anini. An fara buga shi a 1907 da alminiyam, watau goran-ruwa, amma da aka ga ƙarfen ba ya jure wa laima sai aka sake shi da haɗin jan ƙarfe da nikel a 1908, daga baya kuma a 1952 aka koma tagulla. Yana da huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma ga kambin sarauta da rubutun Larabci. Kusa da hudar, a jikin waɗansu, akwai ɗan harafi wanda bai fi ƙwayar gero ba. In H ne, an buga shi ke nan a ma'aikatar Heaton ta Birmingham. In KN ne, ma'aikatar King's Norton ce. In ba kome, yawanci daga gidan buga kuɗi na Sarkin Ingila ya fito. Kuɗi biyu na shekara ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a wajen tsada saboda wannan ɗan harafi, don ba adadi ɗaya kowace ma'aikata ta buga ba.

Haka kuma kwabon 1936 iri biyu ne. Akwai mai sunan Sarki George na 5, akwai mai sunan Sarki Edward na 8, wanda ya hau gadon sarauta a watan Janairu ya sauka a watan Disamba na wannan shekara. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma a Afirka ta Yamma an saki anini da sisin kwabo da kwabo, domin kuɗi ne masu huda waɗanda ba sa bukatar hoton fuska. An buga su da yawa, amma masu tara kuɗi suna son su saboda tarihin, kuma sai sunan ya karantu a hoto za su yarda.

Kan sarki ma haka abin yake. An fara fid da na Arewacin Nijeriya a 1900 da hoton Sarauniya Biktoriya. Na Sarki Edward na 7 ya fito a 1902, aka sake buga shi daga 1905 da zane iri ɗaya, bambancinsu yana cikin tambarin da ke ɓoye a jikin takardar: na farko kambi ɗaya da haruffan CA, na biyu kambi da yawa a jere. Ban da wannan, mai saye zai so ya ƙirga haƙoran gefe, waɗanda ake aunawa da yawan huda a cikin santimita 2, kuma waɗannan 14 suke da shi. Haƙori ɗaya da ya karye ya isa ya rage kuɗi.

MENE NE MAKRO

Kowane gilashin kyamara yana da iyakar kusancin da zai iya yi. Gilashi na yau da kullum mai milimita 50 yakan tsaya a wajen santimita 45, in aka matsa fiye da haka sai hoto ya dagule. Daga wannan nisa anini zai fito ɗan ƙarami a tsakiyar hoto, sauran duk tebur ne. Shi makro an ƙera shi ne don ya matsa ƙwarai ba tare da hoton ya lalace ba, kuma ana auna ƙarfinsa da lissafi mai sauƙi. In aka ce 1:1, ana nufin girman abu a fili shi ne girman siffarsa a kan fim, ko a kan farantin da ke karɓar hoto a kyamarar zamani, wanda ake kira sensa. In aka ce 1:2, siffar rabin girman abin ce. In aka ce 2:1, ta ninka shi biyu.

Wani abu kuma da ya raba makro da sauran shi ne, an gyara shi yadda abu shimfiɗaɗɗe zai fito tangaran daga tsakiya har kusurwa. Gilashi na yau da kullum in an tilasta masa kusanci yakan fid da tsakiya ya bar gefe cikin hazo, ga shi kuwa rubutun kuɗi da haƙoran kan sarki duk a gefe suke.

Wani Bajamushe mai suna Heinz Kilfitt ne ya fito da Makro-Kilar mai milimita 40 a 1955, wanda ake ɗauka shi ne na farko a irinsa ga ƙananan kyamarori. Kamfanin Nikon ya biyo baya a 1961 da Micro-Nikkor mai milimita 55, kuma har yau kalmar Micro yake rubutawa a jikin da yawa daga cikin nasa, kada wannan ya rikita mai saye. A 1979 Tamron ya fid da nasa mai milimita 90. Amma fa a yi hattara da gilasan zum, watau masu jawo nesa kusa, waɗanda ake rubuta wa kalmar makro a jiki. Yawancinsu 1:4 ko 1:3 kaɗai suke kaiwa, kuma ba a gyara su don abu shimfiɗaɗɗe ba.

A AUNA KAYA TUKUNA

Kuskuren da akan yi shi ne a tafi kasuwa a tambayi gilashin da ya fi kowane ƙarfi. Abin da ya kamata a fara yi shi ne a ɗauko rula a auna kayan da za a riƙa ɗauka, don su ne za su faɗi irin gilashin da ake bukata. Babban sensa, wanda girmansa ɗaya da tsohon fim, milimita 36 ne a tsawo, 24 a faɗi. To, a kan 1:1 iyakar abin da zai shiga hoto ke nan. Anini faɗinsa kimanin milimita 20 ne, saboda haka zai shiga ya cika hoto daidai. Kan sarki na zamanin Turawa, mai kimanin milimita 21 da 25, shi ma zai shiga in an kwantar da shi. Amma tsohon kwabo mai huda ya kai milimita 30, ba zai shiga duka ba sai an ja da baya.

Liyari kuwa, watau kuɗin azurfan nan na Ostiriya mai hoton Mariya Taresa wanda mata ke ratayawa don ado, faɗinsa wajen milimita 40 ne, nauyinsa giram 28. Shi 1:2 ya ishe shi, don a nan hoto yana ɗaukar milimita 72 da 48. Sai dai shi liyari yana da tasa matsalar. Tun rasuwar sarauniyar a 1780 ake ta buga shi da wannan shekara ɗaya, a Biyana da London da Faris da Rum da Bombay da waɗansu wurare, saboda haka shekarar da ke jikinsa ba ta gaya wa kowa kome. Masana suna gane asalinsa ta wurin yawan 'yan duwatsun da ke jikin maɓallin kafaɗarta, da gashin wutsiyar gaggafar da ke baya, da rubutun da ke zagaye da bakinsa. Wanda ke cinikin liyari ke nan yana bukatar 1:2 don ɗaukar kuɗin duka, da 1:1 don waɗannan ƙananan wurare.

Kyamarori da yawa da ke hannun jama'a sensansu ƙarami ne, kimanin milimita 23 da 15. A kan irin waɗannan, 1:1 ya ma yi wa anini yawa, kuma tsohon gilashi mai kaiwa 1:2 zai ɗauki abu mai milimita 46 da 30, wanda ya dace da yawancin kuɗi da kan sarki. Akwai kuma gilasai na musamman da ke wuce 1:1, kamar Canon MP-E 65 da ya fito a 1999, wanda ke ninka abu har sau 5, da Laowa mai milimita 100 da ke ninkawa sau 2. Na Canon ɗin ba ya iya ja da baya ƙasa da 1:1, saboda haka ko kwabo ɗaya ba zai ɗauka duka ba. Ɗan kasuwa ba shi da bukatarsa, sai mai binciken tsagar da ke cikin harafi guda.

GAJERE KO DOGO

Bayan ƙarfi, sai tsawon gilashi, wanda ake rubutawa da milimita. Gilashi mai 60 da mai 100 da mai 180 duk suna iya kaiwa 1:1, kuma anini zai fito da girma ɗaya a cikinsu. Bambancin yana wajen tazarar da za ta rage tsakanin bakin gilashi da kaya. Mai 60 yakan bar kimanin santimita 5 zuwa 9, mai 90 ko 100 ko 105 yakan bar wajen 13 zuwa 15, mai 180 kuma ya wuce 20. Wannan tazara ita ce hanyar da haske zai bi ya kai ga kaya. In ta yi kaɗan, gilashin kansa zai yi wa kuɗin inuwa, kuma in ƙarfen mai sheƙi ne sai baƙin bakin gilashi ya fito a jikinsa kamar tabo.

Don haka ne mafi yawan masu ɗaukar hoton kuɗi suka fi son mai 90 zuwa 105. Gajere yana da nasa amfani: ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka, kuma in za a ɗauki babban abu kamar ambulan ko shafin littafin kan sarki daga sama, ba sai an ɗaga kyamara har rufin ɗaki ba. A kan ƙaramin sensa ma mai 60 yana aiki kusan kamar mai 90 a kan babba. Dogo kuwa, mai 150 ko 180, an fi yin sa don masu bin ƙwari da malam-buɗe-littafi waɗanda ke tashi in an matsa. Anini ba ya tashi, saboda haka nauyin da tsadar ba su da dalili.

Haka nan sababbin gilasai suna zuwa da injin saiti mai aiki da kansa da na'urar hana rawar hannu, kuma waɗannan suna ƙara kuɗi ƙwarai. Ga wanda zai kafa kyamara a kan ƙafa ya ɗauki abin da ba ya motsi, duka biyun ba dole ba ne. Tsohon Micro-Nikkor 55 ko Tamron 90 na saitin hannu, in lafiyarsa lau, zai yi aikin, kuma ana iya ɗaura shi a kan kyamarorin zamani marasa madubi ta wurin zoben haɗi.

IN ALJIHU BAI KAI BA

Akwai hanyoyi uku na araha. Ta farko ita ce zoben ƙari, watau bututu ne wanda ba gilashi a cikinsa, ana sa shi tsakanin kyamara da gilashi. Lissafinsa shi ne a raba tsawon zoben da tsawon gilashi: zobe mai milimita 25 a bayan gilashi mai 50 yana ba da 1:2. Akan sayar da su uku a haɗe, 12 da 20 da 36, in an haɗa duka an wuce 1:1. Aibinsu shi ne tazara takan ragu ƙwarai, gefen hoto kuma ba ya kai na makro kyau.

Ta biyu ita ce gilashin ƙari da ake ɗaurawa a gaba, kamar tabarau. Mai lamba +4 yana sa kyamara ta ga abu a santimita 25, mai +8 kuma a 12 da rabi. Na araha mai gilashi ɗaya yakan sa gefen rubutu ya yi launin shuɗi da ja, amma mai gilasai manne da juna, irin Raynox DCR-250, ya fi shi nesa ba kusa ba. Ta uku ita ce a juya gilashi mai 50 ko 28 baibai da zobe na musamman. Wannan yana ba da ƙarfi sosai, sai dai bayan gilashi yana zama a waje, ƙura na shiga.

Waya kuma fa? Tun daga iPhone 13 Pro a 2021, da waɗansu wayoyi na Android, akwai masu iya matsawa har santimita 2. Amma a wannan kusanci wayar tana rufe haske, kuma tsakiyar kuɗi yakan kumbura kamar an hura shi. Abin da ya fi shi ne a ja baya kamar taƙi ɗaya, a ɗora wayar a kan tarin littattafai yadda idonta zai leƙo ƙasa, a sa zum na 2, a kunna agogon jinkiri. Wannan ya isa a nuna wa mai saye kaya da fari. In ciniki ya kai ga maganar ɗan harafi ko haƙori, sai a nemi makro.

SAYEN NA HANNU

Yawancin gilasan da ke kasuwannin Ikko na hannu ne, kuma mai saye ya tafi da abu uku: kyamararsa, da rula, da tocila. Ya ɗaura gilashin, ya matsa iyakar matsawa, ya ɗauki hoton rula. In milimita 36 suka cika tsawon hoto a babban sensa, ko wajen 23 a ƙarami, to 1:1 ne na gaskiya, kome aka rubuta a kwali. Sa'an nan ya cire shi, ya buɗe ƙofar haske duka, ya haska tocila ta baya ya leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba kome ba ce. Amma in ya ga wani abu kamar saƙar gizo, wannan fumfuna ce, tana cin fatar gilashi, kuma ko an wanke takan bar tabo. Ya duba kada a sami mai a jikin 'yan fukafukan ƙofar haske, ya kuma murɗa zoben saiti ya ji ko yana tafiya sumul.

Wanda ya saba da busasshiyar iskar Arewa ya sani cewa a Kurmi laima ce abokiyar gabar gilashi. Fumfuna tana tsirowa in laimar iska ta wuce kashi 70 cikin 100 na 'yan kwanaki a wuri mai duhu, kuma da damina Ikko da Fatakwal sukan wuce haka. Kada a bar gilashi cikin jakar fata a ƙarƙashin gado. A sa shi cikin roba mai murfi da ke rufewa gam, tare da 'yan ƙunshin silika irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi, a riƙa busar da su lokaci lokaci.

RANAR ƊAUKA

Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne ƙanƙantar wurin da ke fitowa tangaran. A kan 1:1, in ƙofar haske tana kan f/8, kaurin wannan wuri bai wuce milimita 1 ba. A kan f/16 ya zama 2. A kan 1:2 da f/8 kuwa kusan 3 ne. Watau in kuɗi ya ɗan karkace, gefe ɗaya zai fito ɗayan ya ɓace, kuma numfashin mai ɗauka kaɗai ya isa ya ɓata hoto. Saboda haka dole a kafa kyamara a kan ƙafa uku ko wani abin riƙewa mai ƙarfi, tana kallon ƙasa, a danna da agogon jinkiri na daƙiƙa 2 ko fiye. Dabarar daidaita ta kuwa ita ce a kwantar da ɗan madubi a inda kuɗin zai zauna, a yi ta gyara har bakin gilashi ya fito a tsakiyar hoto daidai, sa'an nan a ɗauke madubin a sa kuɗin.

Wani zai ce, to me zai hana a tsuke ƙofar haske har f/22 ko f/32? Dalili shi ne, haske in ya bi ta ƙaramar kafa yakan bazu, sai hoto duka ya yi laushi. Ga shi kuma a kan 1:1 kowace lamba tana aiki kamar ninkinta, f/8 kamar f/16, hasken da ke isa sensa kuma ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Don kuɗi da kan sarki, tsakanin f/5.6 da f/8 ne gilashi ya fi kaifi, f/11 kuma in zanen ya taso da yawa. Saiti a yi shi da hannu, a ƙara girman hoto a allon bayan kyamara, a sa ido a kan shekara ko ɗan harafin.

Abu mai kauri, kamar zobe ko dutsen wuya, ba zai fito duka a ɗauka ɗaya ba. Ga misali dutsen nan na gilas mai zanen tauraro a baki, wanda aka fara yi a birnin Benis na Italiya wajejen 1500: masana suna ƙirga hawa-hawan launinsa ne, mafi tsufa yana da 7, na baya-baya 6 ko 4. Don a fid da irin wannan sai a ɗauki hoto 10 ko 20 ba tare da an motsa kome ba, kowane a ɗan gusa saiti kaɗan daga gaba zuwa baya, sa'an nan a haɗa su a kwamfuta da manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker, ta tsince wurin da ya fito a kowane ta yi hoto guda. Waɗansu kyamarorin yanzu suna gusa saitin da kansu.

Haske kuwa shi ne rabin aiki. Filashar da ke kan kyamara ba ta da amfani a nan, don tana bugun ƙarfe ta dawo. Hasken taga da aka rage da farin ƙyalle ya fi ta, kuma ba ruwansa da ɗaukewar lantarki. Kuɗin da ya suɗe, a kawo masa fitilar caji daga gefe, ƙasa-ƙasa, yadda kowane harafi zai yi 'yar inuwa. Kuɗi mai sheƙi kamar madubi, a tsai da fallen gilas a karkace, digiri 45, tsakaninsa da kyamara, a haska daga gefe, a rataya baƙin ƙyalle a ɗaya gefen, sai haske ya sauko masa tsaye. Kan sarki yana son fitila biyu, dama da hagu, kowace a karkace daidai da 'yar'uwarta, a kan baƙar shimfiɗa don haƙora su fito. Tambarin cikin takarda kuma sai an haska ta baya. Kada a haɗa fitila ja da fara, kuma a daidaita launi da farar takarda tukuna, in ba haka ba farin anini zai fito kamar na tagulla.

HOTO SHAIDA NE

Makro ba ya rufa wa kowa asiri. Ƙwayar ƙura takan fito kamar tsakuwa, saboda haka a hure ta da robar hura iska. Kuɗi a riƙe shi ta baki, don gumin yatsa yana barin tabo, kan sarki kuma da hantsaki marar kaifi. Babban abin da za a kiyaye shi ne kada a goge tsohon kuɗi da toka ko lemun tsami ko man goge ƙarfe don ya yi kyau a hoto. Masu tarawa suna biyan kuɗi ne don fatar da shekaru suka sa masa, kuma ƙananan zane-zanen da gugar ta bari gilashin zai nuna su ɗaya bayan ɗaya.

Kowane kaya a ɗauke shi gaba da baya da baki, a sa rula a gefe a hoto ɗaya, in akwai tsaga ko lotsawa ko wurin da aka taɓa like hannun rataya a ɗauke shi daban a tura tare. Wanda ya ga aibi tun a hoto ya saya, ba shi da bakin magana daga baya. A kuma ajiye kwafin hotunan da ɗan bayani na girma da nauyi. Tun 1997 akwai wani tsari na duniya da ake kira Object ID, wanda cibiyar Getty ta Amurka ta fara, gidajen tarihi da 'yan sandan duniya ke aiki da shi wajen neman kayan da aka sace, kuma abu na farko da yake bukata shi ne hoto mai nuna alamun da suka raba abu da 'yan'uwansa. In gobara ta tashi a kasuwa ko ɓarawo ya fasa shago, wannan ne abin da mai kaya zai nuna.

Daga ƙarshe akwai doka. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana saye da sayar da kayan tarihi na asalin ƙasar nan waɗanda aka yi kafin 1918, ko waɗanda aka yi amfani da su wajen bukukuwan gargajiya, sai ga wanda hukumar ta amince masa, ta kuma hana fita da su waje ba da izni ba. Wanda wani tsohon abu ya faɗo hannunsa yana shakka a kansa, ya ɗauki hotonsa sosai da rula a gefe, ya kai gidan tarihi na Onikan a Ikko ko wanda ya fi kusa da shi, ya tambaya kafin ya sa masa kuɗi. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.